Girmamawar Kasijo

A unguwar da ke bayan kasuwar tsuntsaye a birnin Solo na ƙasar Indonesiya, mutum ɗaya ne tak ya rage a duniya mai ce wa Pak Wiryo "kai", kuma mutumin mai facin keke ne.

Sauran jama'a duk "ku" suke ce masa. Haka ya nema, haka kuma ya samu. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da harshen Jawa a makarantar sakandare. Da ya yi ritaya sai ya koma sanƙiran manyan bukukuwa, irin wanda ake ɗauko shi ya tsaya da makirufo ya yi ta zuba wa ango da amarya kirari da harshen fada, har iyayen amarya su yi hawaye ba tare da sun gane rabin abin da ya faɗa ba. Masu ƙidaya sun ce mutum wajen miliyan tamanin ne ke jin harshen Jawa. Pak Wiryo ya yi tasa ƙidayar ya sami goma sha ɗaya, takwas daga cikinsu kuma suna maƙabarta. A wurinsa mutanen Surabaya ba magana suke yi ba, jifa suke yi da baki. Na Banyumas kuwa duk kalmar da ta shiga bakinsu sai ta fito da rauni. Yaran yanzu sun tsere zuwa harshen Indonesiya, inda minista da mai wanke masa mota ke cin abinci da kalma iri ɗaya ba tare da kowa ya ji kunya ba. Rubutun kakanni ma sai a allon sunan titi ake ganinsa, can ƙasan boko, babu mai karanta shi sai Pak Wiryo, shi ma duk karantawar da zai yi sai ya tsinci kuskure ya koma gida da ciwon kai.

Harshen Jawa gida ne mai bene. A ƙasa akwai ngoko, maganar tsakar gida, wadda ake yi wa yaro da aboki da akuya, da ita ake zagi, da ita kuma ake faɗa wa mutum gaskiya. A sama akwai krama, inda babba ba ya barci sai dai ya huta, ba ya mutuwa sai dai ya riga mu. Pak Wiryo ya hau benen nan tun yana saurayi, ya janye tsanin ya ajiye a gefensa.

Sunan da uwarsa ta raɗa masa Ponidi. Da ya yi aure ya ɗauki sunan manya kamar yadda ake yi, ya zama Wiryodarsono, ana sa masa Pak ko Bapak a gaban suna, wato baba, Ponidi kuma ya rage a bakin mutum biyu. Ta farko matarsa ce, Sumirah, wadda a gaban baƙi take masa magana kamar baiwar sarki, da an rufe ƙofa kuma sai ta ce, "Di, ɗauke ƙafarka, shara nake yi." Ta rasu an kusa shekara uku. Na biyu shi ne Kasijo, wanda suka yi kiwon agwagwa tare tun kafin ɗayansu ya san wando.

Kullum da hantsi suna haɗuwa a rumfar shayin Yu Tumini, daura da bishiyar da Kasijo ke faci a ƙarƙashinta.

"Di! Yau ka tuna ka sa haƙoran, ko suna can cikin kofi suna hutawa?"

"Rufe bakinka, Jo, ƙudaje na shiga."

"Wa ya mutu ka sa wannan riga?"

"Harshen Jawa. Kai ka kashe shi jiya da safe, ina gani."

"Allah ya ji ƙansa, ya sha jinya. Yu Tumini, ba shi shayi, kar ki cika sukari. Bakinsa ya riga ya yi zaƙi, tururuwa za su bi shi gida."

In an tambayi Pak Wiryo abin da ke kai mutum irinsa wannan benci kullum, cewa yake shayin Yu Tumini ne. Shayin Yu Tumini kuwa ko ita ba ta sha.

Abin ya faro ne daga auren Wening, jikar Kasijo. Shi ya rene ta tun tana shekara biyu, lokacin da uwarta ta tafi aikatau ƙasar waje ta manta hanyar dawowa. A ranar biki dangin ango kan kawo angonsu su miƙa shi da jawabi, dangin amarya su karɓe shi da jawabi, duka a can ƙololuwar bene. Mai hankali yakan ɗauko wanda ya iya ya yi masa. Kasijo bai taɓa da'awar hankali ba.

"Ni zan karɓi angon nan da bakina," ya ce.

"Da wane bakin?"

"Da wannan. Kai za ka koya mini. Me amfaninka in ba haka ba?"

Wata uku suka yi a kai. Pak Wiryo ya rubuta masa jawabin a bayan tsohuwar kalanda da manyan haruffa, ya rage shi, ya sake ragewa, har ya koma layi goma sha biyu waɗanda ko aku zai haddace. Kasijo yana goge taya yana maimaitawa, masu kekuna na tsaye suna jiran faci ana neman gafararsu da albarkarsu.

Ranar biki aka kafa rumfa ta tare titi, aka jera kujerun roba, kiɗan gamelan na fita daga lasifika. Dangin ango suka zo a motoci huɗu. Uwar angon na cikin matan nan da ke da wata kaka wadda ta taɓa riƙe wa wata gimbiya laima, kuma ba ta bari a manta. Kasijo ya fito cikin kwat na aro da hular da ta fi kansa, wuƙar gado a soke a bayan ƙugunsa tana zungurinsa duk takun da ya yi. Pak Wiryo ya miƙa masa makirufo ya ja da baya taku uku.

Layi huɗu na farko sun fita lafiya. A na biyar Kasijo ya ɗaga kai ya ga Wening zaune cikin kwalliya, an zana mata goshi, an saƙala mata furanni har kafaɗa, tana kallonsa. Ya dubi takardar da ke hannunsa. Ya ninke ta ya cusa a aljihu, ya sauko daga benen gaba ɗaya, ba ta tsani ba, ta taga.

"Yarinyar nan da kuke gani," ya ce, "da hannun nan na yi mata wanka. Tana shekara huɗu ta haɗiye murfin bakin taya, kwana biyu muna zaman jiran fitowarsa." Aka yi dariya daga kujerun baya. Uwar ango ta buɗe maficinta. Kasijo ya juya ga angon. "Kai yaro, saurara. Ba ta cin albasa. Kuma in ka ga ta yi shiru, ba haƙuri take yi ba. Nduk, 'yata, abin da nake so in ce miki shi ne..."

Ba a ji abin da yake so ya ce ba. Pak Wiryo ya yi wa mai lasifika ido aka ɗaga kiɗa, ya tako ya zare makirufon daga hannun abokinsa a hankali, yadda ake karɓe wuƙa daga hannun jariri. Sannan ya buɗe baki. Ya roƙi manyan baƙi gafara mai faɗin teku a madadin dattijon gidan, wanda Allah ya zuba wa baiwa a hannu ya taƙaita masa a harshe. Ya karɓi ango, ya kwatanta amarya da wata ɗan daren sha huɗu, ya kwatanta gidajen biyu da koguna biyu masu haɗuwa. Uwar ango ta rufe maficinta ta share hawaye. Mutum bakwai suka karɓi lambar wayarsa kafin a raba shinkafa. Ya koma gida yana jin irin daɗin da mutum ke ji in ya tsamo wani daga rijiya.

Washegari da hantsi ya iso rumfar shayi da barkwancinsa a shirye. Kasijo na hango shi ya miƙe tsaye. Ya haɗa hannuwa a gabansa, ya sunkuyar da kai, ya nuna benci da babban yatsa.

"Barka da isowa, ranku ya daɗe. Da fatan Bapak Wiryodarsono sun tashi cikin ƙoshin lafiya. Bawanku ya share wurin zama, in ba za a ga ƙanƙantarsa ba."

Pak Wiryo ya yi dariya. "Jo, me ka sha da safen nan?"

"Bawanku ya ɗan kurɓi shayi, da izininku."

Abin da ya fara sukar Pak Wiryo ba sanyin muryar ba ne. Kunnensa na malami ne ya bi maganar kalma bayan kalma yana neman kuskure, bai samu ba. Mutumin da ya kasa kai layi biyar jiya, yau ga shi yana yawo a saman bene kamar a can aka yanke masa cibiya. Ashe ya iya. Shekara saba'in ya iya, bai dai ga wanda zai ɓata wa ba.

Sai a hanyar gida ya gane irin ramin da aka tura shi. In ya ci gaba da yi wa Kasijo maganar ƙasa alhali shi yana amsa masa da ta sama, sun zama ubangida da bara. In shi ma ya hau sama ya same shi, sun zama baƙi biyu da suka haɗu a tashar jirgi. Hanya ta uku babu. Ya koyar da wannan ƙa'ida shekara talatin da huɗu, ya kayar da yara a jarrabawa a kanta, bai taɓa sanin ana dukan mutum da ita ba.

Makon farko ya ce fushi ne, zai huce. Bai huce ba. Kullum Kasijo zai miƙe, ya sunkuya, ya tambayi lafiyar Bapak da lafiyar kurciyar Bapak, ya tsaya sai Bapak sun zauna.

A mako na biyu Pak Wiryo ya fito da tsohon kekensa, ya sami ƙusa ya soka wa tayar baya da hannunsa, ya tura shi har gindin bishiya. A da, irin wannan na jawo masa zagin rabin sa'a, daga nauyin jikinsa har makantarsa. Kasijo ya karɓi keken da hannu biyu, ya yi facin shiru, ya ba da iska, sannan ya miƙo ƙusar a kan tafukansa.

"An manta wannan a cikin tayar, ranku ya daɗe. Sabuwa ce fil, ko tsatsa babu. Wataƙila za a buƙace ta gobe."

A mako na uku ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka yi masa haƙoran roba: ya bar su a kofi ya fito. Ya zauna a benci, kumatu a lotse, ya yi hamma da gangan, ya jira. Kasijo ya dube shi sau ɗaya ya kau da kai cikin ladabi.

"Yu Tumini," ya ce a hankali, "a kawo wa Bapak kunun shinkafa, mai laushi."

Pak Wiryo ya sha kunun.

Daga nan ya yanke shawarar ba da haƙuri, kuma da yake shi ne shi, sai da ya kwana biyu yana tsara haƙurin. Ya zo ya tsaya gaban Kasijo ya yi minti goma yana magana. Ya ambaci rauni irin na ɗan Adam, ya ambaci tsawon zumunci, ya ce in akwai kalmar da ta zame ko takun da ya karkace, yana roƙon a wanke shi da ruwan afuwa. Wani mai sayen soyayyen tempe, wainar waken soya, ya tsaya da baki buɗe har mai ya ɗiga masa a riga.

Kasijo ya sunkuya ƙasa fiye da kullum. "Wane bawa da za a nemi gafararsa, ranku ya daɗe? Ai ceto aka yi mini. Duk unguwa ta shaida." Ya nemi izini ya koma gindin bishiyarsa.

Yu Tumini na goge kofuna. Ita maganarta a tsakiyar tsani take, irin ta kasuwa, mai ladabin da bai hana cizo.

"Pak Guru, malaminmu, in faɗi wata magana?"

"Faɗi."

"Wallahi da na rufe ido cewa zan yi aure ake ɗaurawa. Saura kaɗan in tambaya ina amaryar."

"Me ya rage ban faɗa ba?"

"Babu. Ku kam kun faɗi komai, kullum kuna faɗin komai. Shi kuwa abu ɗaya ya so ya faɗa wa jikarsa. Shekara ashirin yana tara shi, har yau yana nan a wuyansa."

"Kansa zai kunyata a gaban surukai!"

"To, ai kansa ne," in ji Yu Tumini, ta ci gaba da goge kofi.

Ya koma gida. 'Yarsa Lastri ta kira daga Jakarta, ta gaishe shi cikin ladabi, ta tambaya ko sun sha magani, ta miƙa wa jikokinsa wayar suka ce masa "Halo, Eyang", wato kaka, da harshen talabijin suka gudu. Ya zauna gaban kejin kurciyarsa ya ce mata, "Ke ma ba ki da abin cewa, munafuka?" Kurciyar ta karkata kai ta dube shi da girmamawa.

A cikin watan aka yi jana'izar wani tsohon ma'aikacin gidan waya, sa'ansu. Pak Wiryo na tsaye a maƙabarta ya hango Kasijo a ɗaya gefen kabarin, sai lissafin ya zo masa da kansa. Su biyun shekararsu saba'in da takwas. Ɗayansu zai tsaya a kan ɗaya ba da jimawa ba. A zuci ya ga gawar kansa a shimfiɗe, ya ga Kasijo ya sunkuyo yana cewa Bapak Wiryodarsono sun riga mu, Allah ya haskaka makwancinsu. Za a binne shi da cikakkiyar daraja, babu ko mutum ɗaya a wurin da zai ce, "Sakaran ya tafi ya bar ni." Wani tsohon ɗalibinsa ya matso ya riƙe shi yana tambaya ko Bapak suna bukatar kujera.

Sadakar kwana dubu ta Sumirah ta zo bayan sati biyu. Ita ce ta ƙarshe da ake yi wa mamaci, daga ita an sallame shi. Tun daren sadakar bakwai Pak Wiryo ke rubuta jawabin wannan rana, shafi bakwai da rubutun kakanni, kuma gari ya sani. Aka yanka akuya, aka dafa shinkafa da madarar kwakwa, aka jera ƙananan kwandunan da kowa zai tafi da su gida, aka tanadi tantabaru biyu da za a sake su su tashi. Bayan la'asar maza suka cika tabarmi har waje: liman, mai unguwa, tsofaffin ɗalibai. Lastri ta zo daga Jakarta. Har sauran mutum biyun nan da suka rage cikin goma sha ɗaya suka taso daga birnin Yogya a mota, suka zauna a sahun gaba da kunnuwa a wase, don babu abin da ke tayar da masani daga gida irin begen jin kuskuren ɗan'uwansa.

Kasijo ya zo a makare ya zauna a bakin ƙofa wajen takalma. Mutumin da shekara arba'in da bakwai ta ƙofar kicin yake shiga gidan nan, yana ɗaga murfin tukunya Sumirah na dukan hannunsa da ludayi.

Pak Wiryo ya karɓi makirufo ya fara. Layi uku na farko sun fita kamar ana zuba zuma, masanan Yogya suka dubi juna da baƙin ciki. Ya ɗaga kai ya hango bakin ƙofa. Kasijo na zaune hannu a haɗe, kai a sunkuye, yana gyaɗa shi a duk inda ya dace a gyaɗa, kamar kowane baƙon kirki da aka gayyato cin akuya.

Ya dubi shafukan nan bakwai. A shafi na biyu Sumirah fure ce, a na huɗu fitila, a na shida tauraruwa. Ya ninke su ya sa a aljihu. Ya san abin da zai biyo baya sarai, don da shi aka tsara dokar.

"Matar nan da kuka zo yi wa addu'a," ya ce da maganar tsakar gida, "ba fure ba ce. Mafaɗaciya ce."

Aka ji cokali ya faɗi a kicin.

"Rah ce sunanta. Gishirinta ya cika yawa, kuma tana munshari. Shekara arba'in da bakwai tana ce mini, 'Di, kai fa sakarai ne mai littattafai.' Ni ne Di ɗin. Ponidi. Na yi kiwon agwagwa." Ya tsaya. Maganar ƙasa ba ta saba fita daga bakinsa a gaban jama'a ba, sai tuntuɓe take yi, haƙoran roba na ƙwanƙwasa juna. "Da ta tafi, saura mutum ɗaya da ke faɗa mini gaskiya. Shi ma na ƙwace masa makirufo ranar auren jikarsa. Yana tsakiyar magana. Ban ma san me zai ce ba. Na ce ceto ne. Ba ceto ba ne, kunya ya ba ni, ban so a ce abokina ne ba. Jaki ne ni. Rah ta sha faɗa."

A nan ya kamata ya tsaya, amma bai san yadda ake tsayawa a ƙasa ba, duk hanyoyin rufe jawabi da ya sani a saman bene suke. Sai ya ci gaba. Ya maimaita zancen gishiri. Ya shiga labarin wata tukunya da aka fasa tun kafin a haifi Lastri, ya ɓata a ciki. Hawaye suka zo, majina ta biyo. Yana ta waige ko wani zai taso ya karɓe abin nan daga hannunsa, amma wa zai karɓi makirufo daga hannun Bapak Wiryodarsono? Shekara hamsin ya yi yana koya musu kada su kuskura, kuma sun koya. Suka zauna cikin ladabi suna kallon tabarma, suka bar shi ya nutse har ƙasa. Daga ƙarshe liman ya ji tausayin jama'a ya ja hailala da ƙarfi, aka bi shi, muryar Pak Wiryo ta ɓace a ciki.

Aka saki tantabarun, ɗaya ta tashi, ɗaya ta koma kan rufi ta zauna. Masanan Yogya suka yi sallama da fara'ar da ba su zo da ita ba, yanzu sun zama su biyu. Kasijo ya ɗauki kwandonsa, ya sunkuya daga nesa, ya sa takalmi ya tafi.

Kafin Pak Wiryo ya gama ɗaura zane washegari, waya ta yi ƙara sau biyu. Gidaje biyu da suka ɗauke shi bikin wata mai zuwa suka sanar da shi, da krama mai kyan da shi kansa ya yaba, cewa ba za su so a wahalar da Bapak ba a wannan shekaru. Lastri ta kawo masa ruwan zafi tana tambaya a hankali ko za su yarda a je a ga likitan ƙwaƙwalwa, don a duba kawai. Ya ce mata zai je shan shayi.

Ya tafi a hankali. Daga nesa ya hango Kasijo a benci, ya zuba shayi a faranti yana hurawa. Pak Wiryo ya iso ya tsaya. Kasijo bai miƙe ba. Bai ɗago ba ma. Ya kurɓi shayinsa, ya gutsuri soyayyar ayaba, ya tauna ta har ta ƙare. Yu Tumini ta daina goge kofin da ke hannunta.

"Za ka tsaya mini a ka ne kamar sandar lantarki?" in ji Kasijo. "Zauna, kana tare mini iska."

Pak Wiryo ya zauna.

"Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin jawabi mai muni irin na jiya ba, Di."

"Na sani."

"Ni aƙalla an sami wanda ya ƙwace. Kai ko mai tausaya maka babu."

"Na sani, Jo."

"Kuma ka yi wa baiwar Allah ƙarya a gaban liman. Rah ba ta munshari. Kai ne. Tun muna kwana a bukkar agwagwa kake hana su barci."

"Gishirin fa?"

"Gishirin gaskiya ne, Allah ya ji ƙanta." Kasijo ya goge baki da bayan hannu. "Kar ka ɗauka ka sha. Gobe za ka raka ni gidan Wening, in ƙarasa maganata."

"A gaban surukai?"

"A gabansu. Har uwar mafici. Za ka zauna kusa da ni kowa ya gan ka. Kuma kafin mu shiga za ka cire haƙoran nan ka ba ni in riƙe a aljihu, sai na gama in mayar maka."

Pak Wiryo ya buɗe baki zai kawo hujja, ya tuna yawan hujjojin da ya kawo a watannin nan da abin da suka saya masa, ya rufe.

"Ƙarfe nawa?" ya ce.

"Tara. Ka yi wanka. Yu Tumini, ba tsohon banzan nan shayi, ya sha kuka jiya, jikinsa ya bushe."

Yu Tumini ta ajiye masa kofi. Ya ɗauka ya kurɓa. Shayin na nan yadda yake, ɗaci a sama, sukari a daskare a ƙasa. Ya shanye shi tas ya miƙa kofin a ƙara.